Lebur Irin Na Kan Tudu

Nibaldo na zaune a ƙofar motarsa a bakin tafkin Rapel, yana kurɓar shayin safe ransa fes, sai ga Heriberto, maƙwabcinsu na sansani, ya zo ya riƙe ƙugu ya karkata kai gefe guda kamar kaza ta hango shaho.

"Maƙwabci, motar nan taka lafiya kuwa?"

"Garau. Me ka gani?"

"Ta karkace, bawan Allah. Matata cewa ta yi in zo mu tokare ta da itace kafin ta faɗa ruwa da ku a ciki."

Nibaldo ya waiwaya ya dubi motar. Gida ce sukutum a kan taya, da gado da murhu da teburi, ga ƙafafun jak huɗu masu aiki da mai. Ka danna maɓalli su sauko su kama ƙasa, su yi ta gurnani har mota ta daidaita, sannan koriyar fitila ta kama. To ga fitilar can a kunne. Shi dai bai ga karkata ba. Amma da Heriberto ya ajiye kwalbar ruwa a matakalar ƙofa, sai ga ruwan ya taru gefe guda.

Yau fa 'yarsu Maritza za ta zo. Tun da gobarar bara ta cinye gidansu na katako a kan tudun Valparaíso, 'yar tasu ke fafutukar ta kwashe su zuwa bene a Santiago, inda ba a buɗe taga saboda hayaƙi. Da ƙyar ta yarda da zancen zama a motar. "Zan zo in gani da idona, Baba. Abu ɗaya na samu ba daidai ba, ku tattara." Kuma Maritza ma'aikaciyar jinya ce, in ta ce a buɗe baki buɗewa ake yi. Abin da ya fi tsaya wa Nibaldo a rai shi ne matarsa Clorinda. Tun gobarar ba ta ɗora tukunya ba, ba ta ko yi masa faɗa ba, sai da suka shiga motar nan. Yanzu ga ta can ciki tana yanka kabewa tana tsine wa wuƙa, kuma ba ƙaramin daɗi hakan ke yi masa ba.

"Ke tsohuwa, kin san a karkace muke?"

"Kai ne dai a karkace, tsoho. Tun ranar da na aure ka."

Aka shiga aiki. Nibaldo ya tsufa yana tuƙa bas a kan tudu, ba wanda zai koya masa ƙarfe. Ya ja birkin hannu har ya yi ƙara, ya ta da inji, ya janye ƙafafun, ya sake dannawa. Suka sauko, suka yi gurnani, mota ta yi 'yar rawa ta tsaya. Koriyar fitila. Kwalba kuwa na nan yadda take.

"Batir ne," in ji Heriberto.

Aka gwada batir, cike yake. Heriberto ya ce to fiyus ne. Aka zaro su ɗai-ɗai ana ɗaga su sama ana dubawa, ba wanda ya ƙone. Nibaldo ya kwanta rigingine ya kutsa ƙarƙashin mota, ya bi tiyo da yatsa yana neman yoyo, bai samo komai ba sai tururuwa a cikin riga. Ya buɗe tankin man jak, jan mai na nan har wuya. Suka ce ko ƙasa ce ke lotsawa, suka sa katako a ƙarƙashin ƙafafun. Motar ta hau katakon abinta, ta sake karkacewa daidai yadda take ɗazu. Suka matsa da ita kan siminti kusa da famfo. Nan ma haka, ba ragi ba ƙari.

Abin ya ishi Heriberto, ya cire hula ya sosa sanƙo. "Wannan ba lalacewa ba ce, taurin kai ne. Da gangan take yi. Tsaya ma tukuna, wa ya koya mata lebur?"

"Ni mana. Wanda ya sayar mini ya ce in kai ta wuri mai lebur in danne maɓallan nan biyu, ta riƙe a kanta."

"Ina ka kai ta?"

"Filin ƙwallon unguwarmu."

"Wace unguwa?"

"Kan tudu, Valparaíso. Duk unguwar ba inda ya kai shi lebur. In ka ajiye ƙwallo a tsakiya sai ka ɗaure takalminka tsaf kafin ta kai raga."

Heriberto mutumin Talca ne, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti. Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan taya. Ya kira matarsa ya maimaita mata, ita ma ta kama ciki. Nibaldo ya ji haushi ƙwarai, don a filin nan aka yi bikinsu da Clorinda kuma ba wanda ya gangara.

Amma rana na tafiya. Heriberto ya ɗauko leburin kafinta daga motarsa aka ɗora a ƙasan ɗaki. Nibaldo ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya da hannu har kumfar ta zauna a tsakiya, ya danne maɓallan biyu, na'ura ta yi ƙara ta karɓi sabon karatu. Ruwan kwalba ya kwanta lafiya.

"Yanzu kuka zama mutane," in ji Heriberto, ya tafi cin abinci.

Nibaldo ya shiga yana taƙama, ƙafarsa ta hagu na neman ƙasa tana samunta da wuri. Clorinda ta ɗauko buta za ta zuba masa shayi, ta zuba a teburi, gefen kofi. Ta sake, ta sake zubawa a gefe. Tun tana amarya take tsiyaya shayi a gidan da ya sunkuya wajen teku, hannunta ya san inda ruwa ke sauka. Ta ajiye butar. Ta ɗauki lemon tsami ta ɗora a teburi, ya zauna cik. Ta tsura masa ido, ya ƙi motsi.

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya tsorata Nibaldo ke nan. Ta kashe murhu miya ba ta nuna ba, ta zauna a bakin gado ta haɗa hannu.

"In yarinyar nan ta zo, mu bi ta kawai," ta ce a hankali. "Duk ɗaya ne."

Nibaldo ya dubi kwalba, ya dubi matarsa. Can kan hanya kuma ga ƙurar wata ƙaramar mota ta taso. Ya yi tsaki, ya shuri leburin Heriberto waje, ya ta da inji ya ɗora yatsa a maɓallin ƙafafun dama.

"Tashi, tsohuwa. Ki sa ido a kan lemon nan, ki gaya mini."

Jak ya yi gurnani. Lemo ya ɗan girgiza.

"Ƙara," in ji Clorinda.

Ya ƙara. Lemo ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

"Haba, wannan ai gidan maƙwabta ne. Ƙara! Kai, ya yi yawa, so kake ka zubar mini da miya? Rage kaɗan, kurma kawai. Tsaya nan!"

Ya danne maɓallan biyu. Daga nesa Heriberto ya miƙe da cokali a hannu yana ihu, "Maƙwabci, ta koma!" Ba wanda ya kula shi. Clorinda ta kunna murhu.

Maritza ta fito daga motarta fuska a ɗaure. Ta tsaya ta dubi gidan iyayenta, ita ma ta karkata kai irin na Heriberto. Ta hau matakala ta shigo.

"Baba, wannan wane irin... Ka san kuwa motar nan a karkace take? A nan kake kwantar da Mama?"

Tana cikin magana Clorinda ta ajiye lemo a teburi ta juya ga tukunyarta. Lemon ya gangaro, ya zo baki, ya faɗo. Maritza ba ta ko duba ba, hannunta ya sauka ya cafe shi a iska, daidai inda ta saba cafe shi tun kanta bai kai teburi ba.

Ta buɗe hannun. Ta dubi lemon a tafinta ta daɗe, idonta ya kawo ruwa. Sai ta ja kujera ta zauna ta ɓangaren sama, wurin zamanta na gida, inda miya ba ta zubo wa mutum a cinya.

"Mama," ta ce, "kada ki cika mini kwanon. Kin san yadda yake yi."