Ranar da Aka Jera Masu Banda

Hanifa ce ke kula da kwamfutar wata ƙungiyar masu sayar da banda a hanyar Baga. Duk motar kifin da ta iso sai an shigar da ita da sunan mai kayan. Cikin shekara shida bayanai suka taru, har ya zama idan aka nemi jerin kaya bisa haruffan suna, mutum zai je ya yi alwala ya dawo allon bai gama juyi ba.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ba'ana, ya tambaye ta abin da ke damun na'urar.

"Alhaji, nemowa ba ta ba ta wahala. Jerawa ce ke cinye lokaci. Kullum sai ta sake jera sunayen daga farko. Da a jere suke, da nan take za ta kawo."

Alhaji ya gyaɗa kai ya fita.

Da yamma Hanifa ta yi wa sunayen fihirisa, wato jeri na dindindin da na'urar za ta riƙa bi. Aikin bai kai minti biyar ba.

Washegari ta tarar da kowa ɗauke da kwalayen kifi a ka. Alhaji ya ba da umarni kowa ya koma rumfa bisa haruffan sunansa don a sauƙaƙa wa kwamfuta. Aisa da Amaka, waɗanda suka shekara uku ba sa gaisawa, sun zama maƙwabta. Pindar ya bar inuwar darbejiyarsa ya koma bakin kwata kusa da Paschal, yana ta ƙunƙuni.

Da azahar Alhaji ya zo ya danna da kansa. Jerin ya fito kafin ya ɗaga yatsa.

"Kin gani ko, 'yata?"

"Alhaji, ai fihirisa na saka jiya."

"Allah ya yi miki albarka, ke ma kin taimaka."

Bayan mako biyu wata Gumsu ta shiga ƙungiyar. Kowa daga harafin H zuwa ƙarshe sai da ya matsa rumfa ɗaya, aka wuni ana jan tebura. Hanifa ta sake ƙoƙarin yin bayani, Alhaji ya saurare ta da kyau, sannan ya lura ofishinta yana can ƙarshen layi bayan Rebeka. Ya sa aka fito da teburinta da kwamfutar aka ajiye kusa da Gumsu. A nan take aiki har yau, mayafinta na ƙamshin hayaƙi.