Rabin Aski

Mai shagunan layinmu ya shigo wurina da hantsi, 'yan dako biyu na biye da shi da ƙaton kwali.

"Mai aski, ga talabijin, rataye abinka. Sharaɗi ɗaya ne: ranar muhawarar 'yan takarar shugabancin gari, ƙwallo za ka sa wa mutane."

Surukinsa na cikin masu takarar, kuma na san ruwa ba ya tsami banza. Amma na ce a raina, mene ne a muhawara in ba ƙarya da aka yi wa kwalliya ba? Na miƙa masa hannu muka tafa.

Ranar ta zo, da la'asar benci ya cika. Shagona yana kallon tashar mota, direbobi da 'yan lodi su ne cina, su ne shana. A kan kujera akwai wani tsohon direba da na fi shekara ashirin ina yi wa aski. Na gama gefen dama ke nan ya dubi agogonsa.

"Sa mana muhawara. An ce yau za a taɓo maganar tashar nan."

"Yaya, na yi alkawari. Ƙwallo ce yau."

"Wa ka yi wa alkawarin, da kunnuwanmu?"

"Ka ji a rediyo gobe mana."

"Gobe su yanko mini abin da suka ga dama? Ido da ido nake so in ga mutum yana magana. Fasinjan da ba shi da niyyar sauka lafiya, a fuska nake gane shi."

Ya kwance ƙyallen wuyansa, ya miƙe, rabin kai fes, rabi daji. Ya bar hularsa a kan benci da gangan.

"Zan je shagon mai gyaran waya in kalla. Duk wanda ya tambaye ni wa ya yi mini wannan aika-aikar, sunanka zan faɗa."

'Yan benci suka kwashe da dariya. Kan mutum shi ne allon tallar mai aski. Rabin aski ya ratsa tasha sau ɗaya, an gama da kai.

Na ɗauki rimot na canza.

Ba mu daɗe ba 'yar jaridar da ke jagorantar muhawarar ta tsare surukin mai shaguna da tambaya. Ya kewaya, ta dawo da shi, ya sake kewayawa, ta ƙi sakinsa. Ƙarshe ya faɗa da bakinsa: za a mai da tashar bayan gari, a gina rukunin kantuna a filin. 

Kafin a gama sai ga mai shaguna, yana huci.

"Haka muka yi da kai?"

"Ba haka muka yi ba, ranka ya daɗe. Na karya alkawari. Amma kai ma ka san za a kwashe mini masu zuwa aski, ka toshe mini kunne da ƙwallo. Sauke abinka. Abin da muka ji dai ba ka da kwalin da zai ɗauke shi."

Ya sauke, ya kuma ba ni wata guda in bar masa shago.

Mai shaguna ya tsira da talabijin ɗinsa. Surukin ya ci zaɓe, amma ko ƙuri'ar ɗan lodi ɗaya bai gani ba, ya kuma tarar da direbobi a haɗe suna jiransa. Ni na rasa shagon shekara ashirin, sai dai na riga kowa kama rumfa a bakin filin sabuwar tashar. Wanda ya ci riba tsantsa shi ne tsohon direba: ya ji abin da ya zo ji, na kuma ƙarasa masa askinsa.