Ɗan Akwatin da Ya Ɓoye Baba

Sana'ata gina shafukan intanet ce, kuma ba yabon kai ba, na iya. Mai shago zai zo yana kukan an rubuta sunan shagonsa a injin bincike ba ya fitowa, in zauna in kwance masa shafin kamar yadda bakanike ke kwance mota: in gyara kanun kowane shafi, in rage nauyin hotuna don ya riƙa buɗewa da sauri, in haɗa taswirar shafukan in miƙa wa injin. Bayan sati biyu sai ya kira ni yana washe baki. Yayana ma "Injiniya" yake ce mini in yana son tsokana, in kuwa alfarma yake nema sai in koma Auta.

Ina da wata ƙa'ida a aiki. A cikin saiti akwai wani ɗan akwati, an rubuta a gefensa cewa a hana injin bincike ganin wannan shafi. Duk ranar da na fara gini, shi nake fara sa wa alama, don kada duniya ta ga aiki rabi da rabi. Ba na cirewa sai ranar da kwastoma ya duba ya ce, "Ya yi, a sake shi." Shekara shida ban taɓa mantawa ba, har gori nake yi wa masu mantawa.

Babanmu mai gyaran agogo ne, kafin ciwon mantuwa ya kama shi. Wata safiya Mama tana wanki a bayan gida, ya sa takalmi ya ce wa maƙwabciya zai je ya buɗe shago, shagon da aka rufe shekara huɗu da suka wuce. Bai dawo ba.

Yaya ya bi ofishin 'yan sanda, ya bi asibitoci da tashoshin mota har ƙafarsa ta kumbura. Ni kuma na yi abin da na iya. A yini ɗaya na gina shafi: sunan Baba, sunan tsohon shagonsa, hotunansa, tabon da ke babban yatsansa na hagu, da lambar wayata da manyan haruffa. Na tura adireshin ga dangi da abokai, su ma suka tura gaba. Wata biyu ana kira, duk ba shi ba ne. Daga nan waya ta yi tsit.

To, wa zai ce mini "ya yi, a sake shi"? Babu kwastoma. Shafin ma bai taɓa ƙarewa ba, kowane mako sai na tono wani hoto na ƙara. Za ku ce ban taɓa rubuta sunansa na gwada ba? Na rubuta, sau ba adadi. Amma kwamfutata ta haddace adireshin, ina buga harafi uku take ƙarasa mini, ta kai ni kai tsaye. Ina ganin fuskarsa sai in ce shafi yana nan lafiya.

Wata goma sha huɗu da ɓatansa, wani mai sayar da labule ya shigo ofis da ƙorafin da aka saba. Na buɗe saitinsa, ga alama a ɗan akwatin, raɗau.

"Kai, Malam, wane mara kan gado ne ya yi maka wannan aiki?" na ce. "Ai gina maka shago ya yi, ya garƙame ƙofar, ya tafi da makulli. Shekara nawa kana haka?"

"Biyu," in ji shi.

"Tirƙashi! Wallahi wasu ba su tsoron Allah."

Ina cikin dariyar, sai na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Na bar mutumin a zaune, na buɗe wata taga a kwamfutar, na shiga saitin shafin Baba. Sai da na kuskure lambar sirri sau biyu.

Alamar tana nan. Inda na sa ta ranar farko.

Mai labule yana ta tambaya, "Lafiya, Malama? Lafiya?" Na cire alamar, na miƙa taswira, na roƙi injin ya zo ya duba shafin. Duka aikin bai kai minti uku ba. Sannan na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina, wataƙila ba wanda ya taɓa nema, wataƙila ba abin da na ɓata. Kwana tara ina lallashin kaina da wannan magana. Rana ta goma da hantsi waya ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Ke ce 'yar mai gyaran agogo?" Muryar mace ce, babba. Ta ce ita nas ce a wani gidan kula da tsofaffi, tafiyar awa huɗu daga wurinmu. Wani direba ne ya tsinci Baba a bakin hanya ya kawo musu.

"Yana nan? Ba shi wayar, don Allah, ba shi!"

Ta sassauta murya.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Sati shida ke nan da rasuwarsa. Bai wahala ba."

Washegari muka tafi, ni da Mama da Yaya. Ɗaki ne mai gado huɗu, nasa na jikin taga, an riga an ba wani tsoho. Nas ta kawo mana leda: rigarsa, tabarau mai ƙafa ɗaya, da wani ɗan sukudireba da mai gadi ya saya masa. Ta ce babu agogon ma'aikaci a gidan da bai kwance ya ɗaura ba, har wanda lafiyarsa lau. Yaya ya yi dariya, ya juya ya share ido.

"Garinsa bai sani ba, sunayenku ma sun gudu masa," in ji nas. "Amma sunansa da sunan shagonsa, ko daga barci ka tashe shi zai faɗa. Shi ya sa duk ranar albashi in na sayi data sai in rubuta su a waya. Wata goma sha ɗaya ina yi, babu ko alama. Jiya ina tattara kayansa, hannuna ya rubuta don sabo kawai, sai ga fuskarsa." Ta dube ni. "Sabon shafi ne, ko?"

Mama tana kallona, Yaya yana kallona.

"E," na ce. "Sabo ne."

Nas ta ce, "Allah sarki. Da ma an yi shi da wuri. Kullum da yamma yakan tsaya a tagar nan ya ce ƙaramar 'yarsa za ta zo ta ɗauke shi, wai ita ba ta makara."

Yaya ya san ba sabo ba ne, shi ya ba ni rabin hotunan. Ya buɗe baki, ya dubi Mama, ya rufe. Har yau bai tambaye ni ba, kuma tun ranar bai sake ce mini Injiniya ba.

Aka nuna wa Yaya inda aka binne shi, ya je ya dawo idonsa jawur. A hanyar komawa Mama tana baya tare da ni, ledar a cinyarta. Da muka yi nisa, sai ta laluba hannuna ta riƙe.

"Auta, ba don wannan aikin naki ba, da har in mutu ban san inda yake kwance ba. Da kullum ina sauraron ƙofa. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki kamar yadda kika yi wa ubanki."

Yaya ya ɗago ido ta madubin mota. Mama ta matse hannuna tana jira.

Na ce amin.