Makunnin da Ba a Kulle Ba

A kamfanin fasa dutse da ke bayan gari akwai wata doka da ta girmi yawancin ma'aikatan wurin. Duk wanda zai shiga cikin injin don gyara, sai ya fara zuwa ɗakin wuta ya saukar da hannun babban makunni, ya rataya masa kwaɗonsa na kansa, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Muddin kwaɗo na rataye, akwai rai a cikin injin, kuma ko mai kamfanin ba shi da ikon taɓa shi. In babu kwaɗo, babu kowa. Wanda ya kawo wannan doka shi ne tsohon mai gyaran wuta da ake kira Baba Waya, shekara ashirin da shida da suka wuce, bayan wani lebura ya rasa hannunsa na dama. Ya kuwa tsare ta da tsanani, har ya taɓa mayar da wani manaja daga bakin ƙofa a gaban direbobi.

A ƙarƙashin wannan doka ya horar da ɗansa Auta, wanda ya gaji sana'ar. Wata Laraba da yamma Auta ya kulle makunni ya shiga gyaran wayar da ta ƙone a gindin injin. Aikin ya ja shi har masu aikin rana suka tashi, na yamma suka karɓa. Foman ɗin wurin, wato shugaban ma'aikata, ya zo ya ga kwaɗo, ya ga manyan motoci sun yi layi har bakin titi, sai ya yanke wa kansa cewa yaron ya tafi gida ne ya mance. Bai leƙa ba, bai kira ba. Ya ɗauko almakashin yankan ƙarfe ya datse kwaɗon, ya ɗaga makunni.

Abin da aka fitar daga cikin injin, ba a bari uwar yaron ta gani ba.

Kwamitin bincike ya zauna kwana uku, ya kira abin kuskure. Aka dakatar da Foman wata ɗaya, sannan ya dawo kan kujerarsa. Baba Waya ya tsaya a gaban kwamitin ya lissafa musu abin da aka yi a baya: an kori direban da ya taka ƙafar maigadi, an kori wanda ya bar rami a buɗe ko da yake babu wanda ya faɗa. Suka saurare shi da ladabi, suka rufe takardunsu.

Kowa ya zaci tsohon zai bar aikin. Bai bari ba. Kullum da safe yakan ɗauki akwatin kayan aikinsa ya wuce ta gaban ofishin Foman, ya ɗan rage tafiya, ya dube shi ta taga, ya wuce. Wata goma sha huɗu kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninsu ba. Ranar da Foman ya zo gaisuwar mutuwa ma, daga bakin ƙofar gida ya koma.

Baba Waya dattijon ikilisiya ne, kuma shi ne yake riƙe ƙoƙon da masu bi suke sha a coci ranar jibin Ubangiji tun kafin a naɗa Faston da ke nan yanzu. Bayan rasuwar ya ajiye wannan hidima ba tare da ya ba kowa dalili ba. A addu'ar da jama'a suke yi tare, idan aka iso wurin da ake roƙon gafara bisa ga yadda mutum yake yafe wa wasu, sai ya rufe bakinsa, ya jira a wuce, sannan ya ci gaba. Addu'arsa ta ɗaki kuwa daban take. A can yakan durƙusa ya kira sunan Foman a gaban Allah, ya roƙa a auna masa da mudun da ya auna, kada a rage ko ƙwaya ɗaya.

Matarsa ta ji shi wata safiya ta bayan labule. Da ya fito ta ajiye masa ruwan wanka, ta ce, "Maigida, wannan addu'ar taka, ni ban san wa kake aika ba. Allah ne ko ɗan dako?"

"Hukunci nake nema. Laifi ne?"

"Ni na haife shi, kai ka koya masa riƙe filaya. Kada ka nuna mini ka fi ni jin zafi. Amma na binne ɗa ɗaya, ga miji kuma yana ruɓewa a tsaye ina kallo."

"Ke kin yafe ke nan?"

"Ban ce ba. Kullum nakan ɗauka in kai wa Yesu, kafin rana ta faɗi in ga na sake kwaso abina. Gobe kuma in mayar. Kai ko kaiwar ba ka yi."

Ya yi wanka ya tafi aiki.

Ana nan sai wata Litinin, lokacin hutun cin abincin rana. Baba Waya yana cikin ɗakin wuta shi kaɗai, ya buɗe wani ƙaramin akwatin wayoyi da ke jikin bango yana ɗaure kusoshi. Ɗakin ƙarami ne, bangonsa ya sha ƙura, taga ɗaya ce da shi mai kallon bakin injin. Tun hantsi wani ƙaton dutse ya maƙale a haƙoran injin, injin yana ta gurnani ba ya fitar da komai. Sai ga Foman ya shigo da sauri. Da ya ga wanda ke ɗakin sai ya ɗan tsaya, sannan ya sunkuyar da kai ya nufi babban makunni ya saukar da shi. Wurin ya yi tsit.

Foman ya shafa aljihun gaba, ya shafa na baya. Kwaɗonsa yana can ofis, a ɗaya gefen filin. A bisa al'adar aikin, wanda ya mance nasa yakan ce wa mai gyaran wuta ya kulle masa. Magana ce ta kalma uku. Baba Waya ya ga bakin mutumin ya motsa, ya ga idonsa ya sauka a kan kwaɗon da ke lilo a ɗamarar tsohon, ya ga kuma ya haɗiye maganar. Foman ya juya ya fita. Ta taga tsohon ya bi shi da kallo, ya ga ya ɗauki dogon ƙarfe, ya hau tsani, ya sauka cikin bakin injin har hularsa ta ɓace.

Baba Waya ya dubi makunnin. Yana ƙasa, babu komai a jikinsa.

Bai yi niyyar taɓa shi ba. Shi mai kiyaye doka ne, kuma hannun da ya riƙe ƙoƙon Ubangiji shekara goma sha tara ba zai ɗaga wannan ƙarfen ba. Amma zuciyarsa ta fara buga masa wani lissafi. Ya roƙi mudu, ga mudu an kawo har ɗakin aikinsa. Ba shi ya ce wa mutumin ya mance kwaɗo ba. Ba shi ya tura shi ciki ba.

Bai gama wannan tunani ba sai ya ji fito a bakin ƙofa. Dogo ne, mai sarrafa injin, magidanci mai 'ya'ya uku da yawan barkwanci, ya dawo daga cin abinci yana sakace.

"Baba, sannu da fama. Kai ba ka cin abinci ne, ko wayar kake tauna?" Ya hango makunnin. "Af, tsohon makunnin nan ya sake faɗuwa da kansa? Wannan injin ya fi surukata yawan fushi."

Ya duba jikin makunnin kamar yadda aka koya masa, kamar yadda Baba Waya da kansa ya koya masa shekara tara da suka wuce. Babu kwaɗo. Ya goge hannunsa a wando, ya nufi wurin.

Abin da ake bukata daga tsohon shi ne ya ci gaba da ɗaure kusarsa. Kwamiti zai zauna kwana uku. Za a tambayi Dogo ko ya ga kwaɗo, ya ce a'a, gaskiya kuma ya faɗa. Za a tambayi Baba Waya, ya ce bayansa ya juya. Za a kira abin kuskure, a rufe takardu. Ya ga matar Foman a tsaye a bakin ƙofar kamfani ana hana ta shiga, kamar yadda aka hana tasa, ya ji wani daɗi mai ɗaci ya taso masa. Ya so abin. Ya so shi fiye da yadda ya taɓa son wani abu tun ranar da aka rufe kabarin ɗansa.

Tafin Dogo ya sauka a kan ƙarfen.

A cikin ransa Baba Waya ya ce, Ya Yesu, ba zan iya ba. Ka san ba na so in cece shi. In akwai wanda zai buɗe bakin nan, sai dai kai.

Bai ji wata murya ba, bai ga wani haske ba. Abin da ya gani shi ne ƙeyar Dogo, da gumin da ke gangarowa a wuyan rigarsa, mutumin da zai koma gida yau da jinin wani a kansa saboda ya yarda da dokar da tsoho ya koya masa. Sukudireba ta faɗi daga hannunsa. Kafin ya san ya motsa, ya riga ya damƙe wuyan hannun Dogo da ƙarfin da bai san ya rage masa ba.

"Akwai mutum a ciki."

Dogo ya sake ƙarfen kamar ya taɓa wuta. "Wa? Ai babu kwaɗo, Baba."

"Foman."

Dogo ya dubi taga, ya dubi tsohon. Ya ja da baya har ya jingina da bango, ya sulale ya zauna a ƙasa.

Baba Waya ya ciro kwaɗonsa daga ɗamara. Ya zura shi a ramin hannun makunnin. Ya kulle, ya sa makullin a aljihun ƙirjinsa. Babu sanyi a zuciyarsa. Ji yake kamar an ƙwace masa wani abu da ya daɗe yana tanadi, har ya ce wa Ubangiji a ransa, Ka ga abin da ka sa na yi.

Bayan kusan minti ashirin Foman ya fito, fari fat da garin dutse. Ya shigo ɗakin zai ɗaga makunni, sai ya ga kwaɗo mai jan fenti, wanda kowa a kamfanin ya san mai shi. Dogo ya tashi daga ƙasa.

"Ranka ya daɗe, hannuna fa yana kan ƙarfen nan. Ka shiga ba ka kulle ba, ba ka gaya wa kowa ba. Da Baba bai riƙe ni ba, yanzu da shebur ake kwashe ka. Ni kuma in ce wa 'ya'yana me?"

Foman ya cire hularsa, gwiwoyinsa suka kai ƙasa a gaban tsohon.

"Baba," ya ce. "Baba, ni da na..."

"Tashi. Ba a durƙusa wa mutum a ɗakin wuta, ƙasan nan akwai wayoyi."

Bai tashi ba.

"To, ji da kyau, domin ba zan maimaita ba," in ji Baba Waya. "Na ga shigarka. Na ga Dogo ya nufi makunni, na kuma yi shiru har hannunsa ya kai. Na so ka mutu a inda ɗana ya mutu, kuma da an bar ni da raina, da ka mutu. Wanda ya buɗe bakina shi za ka gode wa. Ni ban yafe maka ba tukuna."

"Ban cancanta ba, Baba."

"Wannan na sani tun kafin ka faɗa. Zan roƙi Ubangiji ya ba ni ikon yafewa, tun da yau na ga yana iya sa ni abin da ba na so. Ranar da ya ba ni, daga bakina za ka ji, ba a wurin wani ba. Kafin nan, za ka tafi ofis ka rubuta da hannunka cewa ka shiga injin ba kulle, ka kai wa manaja. Duk wanda ya yi haka a kamfanin nan ya rubuta, tun daga kan mutum na farko. Ba za a fara ɗaga ƙafa a kanka ba."

Foman ya miƙe, ya share fuska da hannun riga, ya fita.

Motoci suna ta matsa oda a waje. Baba Waya ya fita da kansa, ya hau tsanin a hankali saboda gwiwarsa, ya tsaya a bakin injin da bai yarda ya kusanta ba tun waccan Laraba. Ya leƙa ciki. Haƙoran ƙarfe ne, da ƙura, da dutsen da aka ture gefe. Ya kira sau uku ko akwai kowa, ya jira amsa kowane karo. Sannan ya sauko, ya koma ɗaki, ya buɗe kwaɗonsa.

"Ɗaga," ya ce wa Dogo.

Injin ya tashi da rugugi, bango ya ɗauki rawa. Dogo ya koma bakin aikinsa. Tsohon ya rufe ƙofa, ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa, ya kifa kansa a gwiwa. A cikin wannan ƙara, inda babu mai jin sa sai Allah, ya yi kuka yana kiran sunan ɗansa har muryarsa ta dushe. Da ya gaji, sai ya ce wa Ubangiji ya karɓi wannan kaya, domin shi ya kasa, kuma in gobe ya ga ya dawo zai sake kwasa, ya hana shi.