Wa Ya Tafi Gida?

Ranar Asabar ɗin tun da sassafe Vernice Pettway ta goge koriyar rigar mijinta, ta rataye ta a jikin ƙofa, inda ba yadda za a yi ya buɗe ido bai gan ta ba. Odell ya gan ta kuwa. Sai ya juya fuskarsa wajen taga.

"Ba... na zuwa," ya ce. Sai da ya yi kokawa da kalmomin kafin su fito.

"To. Ni dai na riga na soya kifi na mutum goma sha biyu. Ka zauna ka cinye."

Wata biyar ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba, harshen kuma ya yi nauyi, magana na fita kamar ana jan buhu a ƙasa. Tun daga lokacin bai ƙara buɗe baki a gaban kowa ba sai ita. Ko fasto ne ya zo gaishe shi, rufe ido yake ya yi kamar barci. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru. Abin da ke cin Vernice ke nan: tana kallo mijinta yana komawa cikin kansa kullum, kuma ta san in wannan Asabar ta wuce yana gida, to ya zauna ke nan.

Yau Kwalejin Tolliver ke buga wasanta na farko a gida na ƙwallon ƙafa irin na Amurka. Odell bai taɓa karatu a can ba, motar 'yan makaranta ya tuƙa har ya yi ritaya, amma shekara arba'in da ɗaya bai rasa wasan gida ko ɗaya ba. Kuma shi ne mai kira. Wata shekara da aka yi musu cin kaca cikin ruwan sama, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, sai ya hau kan benci a layi na talatin da biyu ya daka tsawa: "Wa ya tafi gida?" Waɗanda suka rage suka amsa, "Babu kowa." Shi ke nan abin ya zauna. Duk wasa, da an shiga zango na huɗu, wato na ƙarshe, sai ɓangarensu ya yi tsit, Odell ya yi kira sau uku, a amsa masa sau uku ana dukan benci da ƙafa.

"Na yi waya da Dikin Cleophus na cocinmu," in ji Vernice tana naɗe tawul. "Shi zai yi kiran. Kai kallo kawai za ka yi, ba wanda zai sa ka magana."

Odell ya daɗe yana kallonta. Can ya ɗaga hannun hagu ya nuna rigar.

Kafin azahar wurin ajiye motoci na filin wasan ya cika. Kowa ya sauke ƙyauren bayan motarsa ya shimfiɗa abinci, hayaƙin gashin haƙarƙari ya rufe ko'ina, 'yan ganga na gwaji daga can bayan bango. Vernice na tura Odell a keken marasa lafiya. Tsoronta kada su zo su tsaya masa a ka da fuskar tausayi.

Miss Earline, wadda ta shekara talatin tana zama a bayansu a filin wasa, ita ta fara hango su. Ta ajiye cokali ta riƙe ƙugu.

"Au, ashe kana da rai. Ni da na ce bana zan ga fili, babu ƙaton kan nan a gabana."

Dikin Cleophus ya taho yana share hannu a jikin wando, ya duƙa ya ƙare wa keken kallo.

"Ɗan'uwa Odell, wannan ai ta fi tsohuwar motarka lafiya. Aƙalla tana tashi da safe."

Gefen bakin Odell ya ɗan motsa. Ya ci kifi biyu, ya kuma bari Earline ta ɗaura masa tsumma a wuya tana zaginsa. Vernice ta ja Dikin gefe.

"Ba ka manta ba ko?"

"Na ji ki tun ranar Laraba, 'yar'uwa."

"Ji daban, yi daban, Cleophus."

"Ki ci abinci, Vernice."

Wurin masu keke a ƙasa yake, dab da shingen ƙarfe. Daga nan layi na talatin da biyu kamar a sama yake. Vernice ta waiga ta ga mutanensu can, kowa a mazauninsa, da gurbin mutum biyu da ba wanda ya zauna a ciki duk da cunkoson. Tolliver ta sha kashi sau tara bara, amma ga tsofaffi da sanduna, ga jarirai an sa musu koren kaya, ga ma'aikatan asibiti da ko rigar aiki ba su cire ba.

Wasan bai yi daɗi ba. Baƙin daga jihar Georgia suke, yara ƙatti, kafin hutun rabin lokaci sun ƙetare layin cin maki sau uku. 'Yan badujala suka fito suka wanke wa mutane zuciya, aka dawo aka ci gaba da shan wuya. Odell na bin ƙwallon da ido, yana dukan hannun keken duk sanda aka yi shirme. Da zango na uku ya ƙare, allo na nuna baƙi ashirin da takwas, Tolliver shida.

Sai ɓangarensu ya yi tsit, yadda aka saba.

Vernice ta ɗaga kai tana neman Dikin. Yana tsaye a mazauninsa, ya harɗe hannu a ƙirji, bakinsa a rufe. Ta yi masa alama da hannu. Ya kalle ta sarai, ya mayar da ido kan Odell. Earline ma Odell take kallo. Layi bayan layi, mutane suka riƙa juyo da kai ƙasa wajen shingen.

Ran Vernice ya ɓaci. Ita ta yi wa Odell alkawarin ba wanda zai sa shi magana.

"Mu tafi, tsoho," ta ce a kunnensa. "Laifina ne. Bari in fitar da kai."

Ta kama keken, ya ƙi motsi. Odell ya danne birki da hannun hagu.

Alƙalin wasa ba ya jiran kowa. Ya busa usur, aka ci gaba da wasa. Aka yi karo ɗaya, aka yi na biyu, mutum dubu shida ba wanda ya ce uffan. Har ana jin kocin baƙi yana yi wa yaransa faɗa. Daga ɗaya ɓangaren wani ya yi ihu, "Jana'iza kuke yi ne?" Wasu daga 'yan wasan Tolliver da ke bakin fili suka cire hular kwano suka juyo.

Odell ya kama shingen. Vernice ta sa kafaɗa a hammatarsa ba tare da ta yi shawara da kanta ba, ya miƙe yana karkarwa, ya juya ya fuskanci mutane. Bakinsa ya buɗe, ba abin da ya fito. Miyau ya zubo a gefe. Ta kai hannu za ta share, ya kawar da kai.

"Wa..." Ya tsaya, ya ja numfashi. "Wa ya... ta... fi gida?"

Muryar ba ta wuce layi na biyar ba, kuma a karkace ta fito. Amma na layi na biyar sun ji, na sama kuma sun ga bakinsa ya rufe.

"Babu kowa!"

Bencin ƙarfe ya ɗauki rawa har cikin haƙoran Vernice. Kira na biyu ya fi na farko fita. Na uku bai ƙarasa ba, numfashi ya yanke masa a tsakiya, suka amsa masa a hakan. Ta zaunar da shi, rigarsa sharkaf da gumi, ita kuma ta rasa inda za ta sa fuskarta, sai ta tsuguna tana gyara masa igiyar takalmi wadda ba abin da ya same ta.

An tashi baƙi talatin da biyar, Tolliver goma sha uku. Mutane suka tsaya har yaran suka zo gabansu aka rera taken makaranta, sannan aka fara sauka. Dikin ya iso yana taka matakala a hankali saboda gwiwa, yana kauce wa idon Vernice.

"Ni da kai za mu yi magana," ta ce.

"Na sani. Ki bari sai bayan coci." Ya dafa kafaɗar Odell. "Ɗan'uwa, ka ɓata mana lokaci fa. Har na fara jin yunwa."

Odell ya kama hannun rigar Dikin ya jawo shi ƙasa. Vernice ta ɗauka godiya zai yi.

"Kocin... nan namu," ya ce, yana haki tsakanin kalmomi, "bai san... aikinsa ba."

"To fa. Ni ma abin da na ce ke nan tun bara, ka ce ƙarya nake."

"Ƙarya... kake. Bara... ya iya."

Earline ta iso ta sa baki, wani tsoho daga layi na talatin ma ya tsaya. Vernice ta saki keken ta koma gefe ta zauna a bakin benci, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Da alama musun nan zai ɗauki lokaci.