Notin da Ba a Ɗaura Shi Sau Biyu

Virgil Hatcher bai taɓa jefar da noti ba a rayuwarsa. Duk wanda ya yi aiki da shi a garejin dillalin motoci Mista Lundgren, can gefen Chattanooga, ya san gwangwanayen kofin da ya jera a ƙarƙashin bencinsa, kowanne maƙil da tsofaffin notuna, an wanke an shafe da mai. Matarsa takan ce ranar da ya mutu da su za a binne shi. Shi kuwa cewa yake ƙarfe ba ya tsufa, mutane ne dai ba su da haƙuri.

Tun gashinsa na baƙi wurin aiki na bakin ƙofa nasa ne, inda ake shigar da motocin da masu su ke tsayawa suna leƙe ta gilashi. Sai kamfani ya fito da sabuwar motar gudu, mai kwanciya a ƙasa, injinta a bayan kujera, ya kuma kafa doka cewa babu bakaniken da zai taɓa ta sai ya je makarantarsu a Nevada ya samo takardar shaida.

"Ba ni na kafa dokar ba, Virgil," in ji Mista Lundgren. "Ka dawo da takarda, wurinka naka ne. In ba ka dawo da ita ba dole in ba wani, kai ka koma juyen baƙin mai da canjin taya."

Juye! Mutumin da ake kiran sunansa daga wata jiha in inji ya gagara. Virgil ya je gida ya haɗa jaka.

Makarantar na tsakiyar hamada, a gefen filin gwajin motoci. Kusan duk 'yan ajin ya haife su. Akwai wani Dwayne Bledsoe, ɗan Alabama, mai baki kamar rediyo, wanda tun ranar farko ya raɗa masa suna Kaka.

"Kaka, ka taho da tabarau kuwa? Wannan motar da kwamfuta ake gaisawa da ita, ba da guduma ba."

"Ina ɗaure inji kana ɗaure da nafkin," in ji Virgil. "Matsa min."

Malamarsu Marisol Quintero ce, gajeriya, ba ta ɗaga murya, ta yi shekaru tana aiki a filayen tsere kafin ta dawo koyarwa. Virgil ya zo da niyyar raina ta, amma da ya ga yadda take riƙe sufana sai niyyar ta watse. A wuri ɗaya kawai suka saɓa. Ranar darasin birki ta kwance manyan notunan da ke riƙe da shi, ta watsa su a kwandon shara.

"Malama, lafiyar notunan nan ƙalau fa!"

"A ido, Mista Hatcher. An ƙera su ne su miƙe kaɗan in an ɗaure, miƙewar ce riƙonsu. Wanda ya miƙe sau ɗaya ya gama aikinsa. Ka mayar da shi, watakila ya riƙe shekara goma, watakila ya karye a kwanar farko."

Virgil ya gyaɗa kai, ya fahimta sarai. Amma duk lokacin da ya wuce kwandon nan sai ya ji kamar abinci ake zubarwa.

Ranar jarrabawa aka ba kowa mota da ledar sababbin notuna: a kwance birkin gaba, a duba, a mayar. Makarantar kuma tana da al'ada. Motar da ka ɗaura, kai za ka zauna a cikinta, Marisol ta ja ka a filin gwaji da gudun da motar ta iya. Wai don bakanike ya san abin da yake miƙa wa mutane.

A nan tsoho ya nuna musu shekarun ba na banza ba ne. Hannunsa bai yi laluben komai ba. Sufana mai awo ta yi ƙas, ta sake yin ƙas, ya sauke motar daga jak, ya goge hannu, alhali Dwayne na can yana zagin wata waya da ta ƙi shiga. Shi ya fara gamawa. Marisol ta zagaya motar, ta gwada ɗaurin, ta ce, "Madalla. Ɗauko hular kwano."

Ya taka zuwa inda hulunan suke, ƙirji a gaba. Ya sa hannu a aljihu zai ajiye tabarau, sai ya ji leda.

Sababbin notunan ne, ko buɗe su bai yi ba. Hali zanen dutse. Yayin da kansa ke kan jarrabawa, hannunsa ya yi abin da ya saba: ya goge tsofaffin, ya ga lafiyarsu ƙalau, ya mayar, ya adana sababbin don gaba.

Babu wanda ya gani. Tsoho da sabo in sun shiga mazauninsu ba a bambance su. Kuma har ga zuciyarsa ya yi imani za su riƙe. In ya yi shiru, takarda ta zama tasa. In ya yi magana, Marisol na iya cewa ya faɗi, ya koma Chattanooga yana tsiyaye baƙin mai a ƙarƙashin motocin 'yan makaranta. Ya waiwaya. Marisol ta riga ta shiga, tana ɗaura bel, tana 'yar waƙarta.

Ya je ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ɗaga ledar.

"Malama, fito. Tsofaffin na mayar."

Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba tun yana ɗan koyo.

"Kai, Kaka!" in ji Dwayne. "Tsaraba za ka kai wa Goggo?"

Ba wanda ya yi dariya. Marisol ta fito, ta karɓi ledar, ta dube shi.

"Ka san wannan faɗuwa ce."

"Na sani."

"Doka ta ba wanda ya faɗi damar sakewa sau ɗaya. Daga farko, ni ina tsaye a kanka. Ko ƙaramin noti ɗaya ka tsallake, ka tafi gida."

Ya sake ɗaga motar. Sauran suka gama nasu, aka zagaya da su ɗaya bayan ɗaya, suka dawo suna ihu, shi yana durƙushe. Da ya kwance tsofaffin notunan, da kansa ya taka har kwandon ya zuba su, ƙararsu ta cika garejin. Dwayne ne, ba tare da an sa shi ba, ya zo ya riƙe masa fitila, bakinsa a rufe karo na farko a satin.

Wanda ya fara gamawa shi ya zama na ƙarshe. Marisol ta bi aikin noti bayan noti, ta miƙe ta ce, "Ka ci. Shiga mu gani ko za ka ji daɗin cin."

Rana ta yi sanyi lokacin da suka hau filin. Ta taka totur, kujera ta haɗiye bayan Virgil, injin na kururuwa a ƙeyarsa. Duk motocin da ya gyara a duniya, bai taɓa jin abin da masu su ke ji ba sai yau. Allurar gudu ta wuce mil ɗari ta ci gaba da hawa. Can gaba ga kwana, ga katangar tayoyi tana tahowa, ita kuwa ƙafarta ba ta da niyyar ɗagawa.

"Mista Hatcher!" ta yi ihu ta cikin hula. "In lallaɓa birkin ne, ko yaya?"

Virgil ya saki mariƙin ƙofa da ya ƙanƙame, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

"Taka shi iya ƙarfinki, Malama," ya ce. "Ni na ɗaura shi."