Rakiyar Malam Ɗalha

Kowa a gidan ya san Malam Ɗalha yana shan taba, kuma ko za ka rantsar da su babu wanda zai ce ya sani. Dattijo ne mai jikoki. Ba ya sha a gida, ba ya sha a ƙofar masallaci, don haka 'ya'yansa suka yi kamar hancinsu a toshe yake.

Wurin shansa ɗaya ne a duk Kankia, gindin bishiyar bedin da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, inda motar makaranta ke kwasar yaran unguwa. Da aka sa jikarsa Basira a makaranta, sai ya ce shi zai riƙa raka ta. Aka yi ta sa masa albarka. Kuma tsakani da Allah yana son yarinyar. "Amaryata" yake ce mata. Ya ɗora ta a cinya, ya rufe ta da hannun babbar rigarsa saboda sanyin safiya, sannan ya kunna karansa.

Basira kuwa tana da asma. Uwarta Zuhura ce ke jin ƙirjinta yana shewa in ta dawo, ita ce kuma ke jin warin a jikin hijabin makaranta in za ta wanke. Likita ya gaya mata ƙiri-ƙiri a raba yarinyar da hayaƙi, in ba haka ba wata rana numfashin ba zai dawo ba.

Makarantar ma ta yi doka, ba a shan taba inda yara ke jiran mota. Sada direba yana bin dokar nan da zafi a kan 'yan acaɓa. In ya zo kan Malam Ɗalha sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma yana duba tayar mota.

Zuhura ta sami mijinta da maganar.

"In ce ma Baba mi?" in ji Ummaru. "In ce mashi na san shina shan taba? Da wane bakin?"

"To kai ka riƙa kai ta."

"Shi tambaye ni laifin da ya yi, in ce mi?"

Ita kuwa abin ya yi mata biyu. Suruki ne, ko sunansa ba ta faɗa. Basira kuma 'yar fari ce, wadda ba a nuna damuwa da ita a gaban manya. Duk da haka wata safiya ta daure, ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa.

"Baba, da ka huta hakanan. Yaran maƙwabta sai su riƙa tafiya da yarinyar nan."

Ya yi dariya har da tari. "Ke bari, ɗiyata. Wa ka ba wasu rakiyar amarya tai? Ai ni wannan 'yar fitar ita ka riƙe ni."

Ta ce to. Ta koma ɗaki tana jin haushin kanta, da na mijinta, da na dukan garin.

Ranar wata Talata numfashin Basira ya sarƙe a cikin motar makaranta. Sada ya juya da yaran duka sai asibiti. Zuhura ta iske ta an rufe mata hanci da baki da abin shaƙar iska, leɓɓanta sun yi duhu. Sai wajen azahar ƙirjin ya lafa.

Malam Ɗalha ya shigo da la'asar, idonsa jawur. Tsohon nan kuka ya yi, kuma ga alama kara bayan kara ya sha don ya samu ya iya shigowa, domin warin ya riga shi isowa bakin gadon.

"Manyan motocin nan ne," ya ce. "Hayaƙinsu ya kusa kashe mani ita. Daga gobe ba ni sauke ta ƙasa, cikin riga zan riƙa ɓoye ta har motar ta zo."

Ya zauna a gefen gadon, ya jawo ta jikinsa, ya lulluɓe ta da rigar. Basira ta yi murmushi, ta kwantar da kai a ƙirjinsa, sannan ta fara tari ƙasa-ƙasa.

Zuhura ta dubi Ummaru. Ummaru yana kallon takalminsa. Ta buɗe baki, maganar tana nan a maƙogwaronta, sarai ta san yadda za ta faɗe ta.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce.